Tseren Comrades na Afirka ta Kudu

Comrades tsere ne na gudun fanfalaki da ake yi sau ɗaya a shekara a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, tsakanin birnin Durban da ke bakin tekun Indiya da birnin Pietermaritzburg da ke can kan tudu. Tsawonsa yakan kama daga kilomita 86 zuwa 90, gwargwadon titunan da aka bi a shekarar, wato ya ninka gudun fanfalakin da aka saba, mai kilomita 42.195, har da ɗoriya. An fara shi a 1921, kuma a duk duniya babu tsere mai irin wannan nisa da ya girme shi ko ya fi shi tara jama'a. A shekarun baya-bayan nan mutanen da ke yin rajista sukan kai 20,000 ko su wuce. 'Yan kaɗan ne daga cikinsu gudu ya zama sana'arsu. Sauran malaman makaranta ne, da ma'aikatan jinya, da direbobi, da masu haƙar ma'adinai, da 'yan kasuwa, waɗanda ke yin atisaye kafin fita aiki ko bayan an tashi. Yawancin dokoki da al'adun tseren domin su aka kafa su.

Asali

Vic Clapham, wanda ya ƙirƙiro tseren, an haife shi a Landan a 1886, iyayensa suka ƙaura da shi Afirka ta Kudu yana yaro, ya girma ya zama ma'aikacin jirgin ƙasa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shiga rundunar sojan ƙasa ta Afirka ta Kudu, aka tura su Afirka ta Gabas, yankin da Jamus ke mulka a lokacin, inda Tanzaniya take a yau. Sun taka kimanin kilomita 2,700 a ƙafa suna bin sawun sojojin Janar von Lettow-Vorbeck, cikin zafi da ƙishirwa da zazzaɓi. A wannan fagen ne kuma rundunonin Najeriya da na Gwalkwas, masu Hausawa da yawa a cikinsu, suka yi yaƙi daga 1916.

Da aka gama yaƙi, Clapham ya so a tuna da abokansa da suka mutu ta hanyar da za ta sa masu rai su ɗanɗana irin wahalar da suka sha, maimakon a kafa dutse a rubuta sunaye. Ya kai shawarar ga ƙungiyar tsofaffin sojoji mai suna League of Comrades of the Great War, wadda daga gare ta tseren ya samo suna. Ƙungiyar ta ƙi a 1919, ta sake ƙi a 1920, tana ganin nisan ya fi ƙarfin ɗan Adam. Hujjar Clapham ita ce, in har an iya ɗauko mutum daga titi, a ɗora masa kaya a baya, ya ratsa dazuzzukan Afirka, to wanda ya yi shiri zai iya zuwa Durban daga Pietermaritzburg. A 1921 aka amince.

Ranar 24 ga Mayu, 1921, mutum 34 suka tashi daga gaban zauren birnin Pietermaritzburg, a kan hanyar da mafi yawanta ba kwalta. Ko rabinsu ba su ƙarasa ba. Wani manomi mai suna Bill Rowan ya zo na ɗaya cikin awa 8 da minti 59. Tun daga lokacin ba a fasa tseren ba sai daga 1941 zuwa 1945 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, da kuma 2020 da 2021 saboda annobar korona.

Hanya

A al'ada ana sauya alƙibla kowace shekara. Idan an tashi daga Durban aka nufi Pietermaritzburg, ana kiransa gudun hawa. Idan aka juya, gudun gangara. Sunayen suna iya ruɗar baƙo, domin kowannensu yana da hawa da gangara masu yawa. Wuri mafi tudu yana kusa da Umlaas Road, sama da mita 800 daga doron teku. Tsakiyar hanya kuwa garin Drummond ne, a gefen kwarin da ake kira Kwarin Tuddai Dubu.

Tuddai biyar ne suka yi suna. Mai gudun hawa yana fara cin karo da Cowies Hill, sai Fields Hill mai tsawon kusan kilomita 3, sai Botha's Hill, sai Inchanga da ke jiran mutum da zarar ya wuce Drummond, sannan Polly Shortts. Wannan na ƙarshen bai fi sauran tsawo ba, amma yana zuwa ne bayan mutum ya ci kusan kilomita 80, kuma a kansa har wasu daga cikin na sahun gaba sukan koma tafiya. A gudun gangara Fields Hill ne abin tsoro. Saukowa daga tudu yana tilasta wa tsokar gaban cinya ta yi aikin birki, tana miƙewa alhali tana ɗauke da nauyin jiki, kuma hakan yana yayyaga ƙananan zaruruwanta. Shi ya sa tsofaffin hannu ke cewa gudun hawa ya fi cin numfashi, na gangara ya fi cin ƙafa. Washegarin gudun gangara a Durban ana gane wanda ya yi tseren daga yadda yake saukowa daga matakala da baya-baya.

Kusa da Drummond akwai katangar tunawa, inda ake manna allunan sunaye da lambobin waɗanda suka gama tseren. Gaba kaɗan akwai wani ɗan gurbi a jikin dutse da ake kira Kujerar Arthur, inda aka ce Arthur Newton, wanda ya lashe tseren sau biyar, kan zauna ya huta a lokacin atisaye. Masu gudu sukan ajiye fure a wurin su gaishe shi. A kusa da Inchanga kuma ɗaliban makarantar Ethembeni, ta yara masu buƙata ta musamman, sukan jeru a bakin titi suna miƙa hannu ana tafawa. Da yawa daga cikin masu gudu suna cewa nan ne wurin da ya fi taɓa musu zuciya a duk hanyar.

Waɗanda aka hana

Fiye da shekara 50 tseren na fararen fata maza ne kaɗai. Duk da haka wasu sun shiga ba tare da lamba ba. A 1923 Frances Hayward ta zama mace ta farko da ta gama, cikin awa 11 da minti 35, ba a ba ta lambar yabo ba, sai 'yan kallo da abokan gudu suka yi karo-karo suka saya mata kyauta. A 1935 Robert Mtshali ya zama baƙar fata na farko da ya gama, cikin awa 9 da rabi, shi ma sunansa bai shiga jerin hukuma ba.

Sai a 1975, a karo na 50, aka buɗe ƙofa ga mata da kowane launin fata, alhali mulkin wariya yana kan ganiyarsa a ƙasar. A shekarar Vincent Rakabaele, ɗan Lesotho, ya zo na 20, Elizabeth Cavanagh kuma ta zama mace ta farko da aka rubuta a matsayin zakara. A 1981 gwamnati ta saka tseren cikin bukukuwan cikar jamhuriyar wariya shekara 20. Wasu ɗaliban jami'a suka ƙaurace, wasu suka shiga da baƙin ƙyalle ɗaure a dantse don nuna ƙin amincewa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Bruce Fordyce. An yi masa ihu, an jefe shi da tumatir, kuma shi ya zo na ɗaya. Baƙar fata na farko da ya lashe tseren shi ne Sam Tshabalala, a 1989. Hukumar tseren ta sa wa wata lambar yabo sunan Mtshali a 2019, shekara 84 bayan gudunsa. Karramawar ta dace, amma ta yi jinkiri ƙwarai.

Awa 12

Abin da ya bambanta Comrades da yawancin tsere shi ne wa'adi mai tsauri. Da farko awa 12 ne, aka rage zuwa 11 a 1928, aka mayar da shi 12 daga 2003. Wanda zai ci kilomita 89 cikin awa 12 dole ya riƙa cin kowace kilomita cikin kusan minti 8, har da tsayawar shan ruwa, da kewayawa, da tafiyar da zai yi a kan tuddai. A takarda abin kamar mai sauƙi ne. Bayan awa 9 a ƙafa lissafin yana sauyawa. Akwai kuma shingaye a wurare da dama a hanya, kowanne da lokacin rufe shi. Wanda ya iso a makare ana cire shi, a sa shi a motar kwasar waɗanda suka gaza.

Lambobin yabo sun bi matakai. Goman farko na maza da goman farko na mata suna samun zinare. Namijin da bai shiga goma ba amma ya gama ƙasa da awa 6 yana samun lambar Wally Hayward, mata kuma suna da takwararta mai sunan Isavel Roche-Kelly, wadda ta lashe tseren a 1980 da 1981. Azurfa ta wanda ya gama ƙasa da awa 7 da rabi ce. Daga nan sai lambar Bill Rowan ga wanda ya gama ƙasa da awa 9, wato wanda da a 1921 ne da ya yi kafaɗa da zakara. Sai ta Robert Mtshali ƙasa da awa 10, tagulla ƙasa da awa 11, da ta Vic Clapham, ta jan ƙarfe, ga masu shigowa a awar ƙarshe. Fiye da rabin masu gamawa a awa biyun ƙarshe suke shigowa. Hikimar wannan tsari ita ce kowa yana da abin nema daidai ƙarfinsa, kuma mai neman tagulla yana lissafin mintocinsa da irin natsuwar da mai neman zinare ke yi.

Akwai kuma koriyar lamba, wadda a wurin masu gudun ƙasar ta fi lambobin yabo da yawa daraja. Wanda ya gama tseren sau 10, ko ya lashe shi sau 3, ko ya ci zinare sau 5, ana mallaka masa lambar da yake ɗaurawa a ƙirji har abada, ba za a sake ba wani ita ba. Mai neman cikon na goma yana ɗaura lamba ruwan ɗorawa, don haka duk wanda ya gan shi a hanya ya san abin da ke gabansa, ya ƙarfafa masa gwiwa. Louis Massyn da Barry Holland kowannensu ya gama tseren fiye da sau 45.

Shiri

Ba a shiga Comrades kai tsaye. Dole mutum ya kai shekara 20, kuma ya gama wani gudun fanfalaki da hukuma ta amince da shi cikin lokacin da aka ƙayyade, wanda a shekarun nan ya riƙa sauyawa tsakanin awa 4 da minti 50 da awa 5. Lokacin da ya yi shi ke nuna rukunin da zai tsaya a ciki ranar tsere. Ɗan ƙasar kuma dole ya kasance yana da rajista da wani kulob ɗin gudu. Wannan sharaɗi ya yi tasiri mai girma, domin kusan kowane gari da unguwa da babban wurin aiki yana da kulob, kuma a nan sabon shiga yake koyon abin da littafi ba ya koyarwa.

Shiri na sosai yana farawa a Janairu, lokacin da ake tsakiyar zafi a Afirka ta Kudu. Masu horarwa sukan ba wanda burinsa ya gama kawai shawarar ya tara abin da ya kai kilomita 1,000 ko sama da haka tsakanin Janairu da ranar tsere. Masu neman azurfa sukan ninka wannan. Ga mai aikin albashi ma'anar wannan ita ce tashi ƙarfe 4 na asuba sau huɗu ko biyar a mako. 'Yan kulob sukan haɗu a gidan mai ko a bakin wata makaranta da duhu-duhu, wasu da fitila ɗaure a goshi, wasu da riga mai ƙyalli saboda motoci. A yi kilomita 10 ko 12, a koma gida, a yi wanka, a kai yara makaranta, a wuce aiki. Mata sun fi dogara ga wannan haɗuwa, domin gudu kaɗai cikin duhu yana da haɗari. Da yamma ɗaya a mako kulob yakan shirya gwajin sauri na kilomita 4 ko 8. Asabar da Lahadi na dogon gudu ne, kilomita 25 zuwa 35, wani lokacin a jere kwana biyu domin ƙafa ta saba da aiki a gajiye.

Tushen wannan salon horo yana komawa ga Arthur Newton, manomi haifaffen Ingila da ya fara gudu gadan-gadan yana da shekara 38, ya kuma lashe tseren sau biyar tsakanin 1922 da 1927. A zamaninsa ana ganin atisaye kwana uku a mako da ƙarfin tsiya ya isa. Shi kuwa ya koyar da cewa a riƙa gudu kusan kullum, a hankali, a nisa mai yawa, duk shekara, a bar sauri sai ranar tsere. Binciken da aka yi daga baya ya ba shi gaskiya a mafi yawan abin da ya faɗa. Gudun sassarfa, irin wanda mutum zai iya hira a cikinsa, yana ƙara yawan ƙananan hanyoyin jini a tsoka, yana ƙara ƙarfin bugun zuciya, yana kuma koya wa jiki ƙona kitse domin ya tanadi sukarinsa.

Inda sababbin shiga suka fi faɗawa shi ne gaggawa. Zuciya da huhu suna samun ƙarfi cikin makonni, amma ƙashi da jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓi suna buƙatar watanni. Mutum zai ji numfashinsa ya buɗe a Fabrairu, ya ƙara nisa fiye da kima, a Maris ya wayi gari da ciwon gwiwa, ko kumburin agara, ko tsagewar ƙashin ƙwauri. Kowace shekara dubban waɗanda suka biya kuɗin rajista ba sa ko zuwa wurin tashi, kuma rauni na cikin manyan dalilai. Shi ya sa masu horarwa ke nanata cewa gara mutum ya iso da ƙarancin atisaye da ƙoshin lafiya, a kan ya iso da cikakken atisaye da ciwo. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a wannan fage ita ce ma ke kai mutum.

Maris da Afrilu su ne watannin nauyi. A lokacin ake yin tseren share fage, kamar Om die Dam mai kilomita 50 a Hartbeespoort, da Loskop mai kilomita 50, da Two Oceans mai kilomita 56 a Cape Town, wanda aka fara a 1970. Kusan mako biyar ko shida kafin ranar, kulob-kulob sukan shirya gudu mafi tsawo, kilomita 50 zuwa 60, iyalai da 'yan sa-kai suna bin su da ruwa da abinci a bayan mota. A nan ake gwada komai: takalmi, safa, abin da ciki zai karɓa, wurin da riga ke gurzar fata don a san inda za a shafa mai ko a manna filasta. Ƙa'idar ita ce kada a gwada sabon abu ranar tsere. A nan kuma ake koyon tafiya. Mafi yawan masu gudu suna tsara tun farko cewa za su riƙa taka wasu mintoci a kan kowane tudu kafin gajiya ta tilasta musu, domin wanda ya jira sai ya gaza kafin ya taka, da wuya ya sake tashi da gudu.

Daga nan sai a rage nisa sannu a hankali na mako uku, jiki ya warke. Wannan lokaci yana dacewa da shigowar sanyi da mura a ƙasar. Likitoci suna gargaɗi da babbar murya cewa wanda ya yi zazzaɓi ko mura mai ciwon jiki dab da tsere ya haƙura, domin ƙwayar cutar tana iya kumbura tsokar zuciya. Haƙura bayan wata biyar na tashin asuba abu ne mai ciwo, amma an yi rashe-rashe a tarihin tseren, ciki har da mutum biyu a 2007 da biyu a 2022.

Ci da sha

Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta bai wuce kusan rabin kilo ba, kuma yakan ƙare bayan awa biyu zuwa uku na gudu. Wanda zai yi awa 11 a hanya dole ya riƙa ci. Shawarar masana ita ce giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari a kowace awa. Akwai tebura fiye da 40 a hanya, 'yan sa-kai suna miƙa ruwan leda irin wanda muka sani a titunanmu, da Coca-Cola, da lemon zaƙi, da ayaba, da dafaffen dankalin turawa da aka barbaɗa wa gishiri. Bayan awoyi na shan zaƙi, wannan dankali shi ne abin da baki ya fi marmari.

Comrades ya bar tarihi a fannin likitanci ta wannan fuska. A shekarun 1970 ana koya wa masu gudu su sha ruwa iya iyawarsu don kada su bushe. A tseren 1981 wata mata ta fita hayyacinta a hanya, aka kai ta asibiti, aka gano cewa ruwa ne ya yi mata yawa har ya tsarma gishirin jininta. Tim Noakes na Jami'ar Cape Town, wanda shi ma ya sha yin tseren, ya bi diddigin lamarin tare da abokan aikinsa, suka wallafa bayaninsa a 1985. Idan sinadarin sodiyam ya ragu sosai a jini, ruwa yana shiga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura, abin da ke kawo ruɗewa, da farfaɗiya, har da mutuwa. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne masu tafiya a hankali, domin su ke da lokacin sha a kowane tebur. Yau shawarar da ta fi karɓuwa ita ce a sha gwargwadon ƙishirwa. Haka kuma ana gargaɗi a kan shan magungunan kashe zafin ciwo irin su ibuprofen da diclofenac a lokacin tsere, domin idan suka haɗu da lalacewar tsoka da ƙarancin ruwa suna iya kashe ƙoda.

Ranar tsere

Ana yin tseren ne a ƙarshen Mayu ko a Yuni, da sanyin hunturun ƙasar. An saba tashi ƙarfe 5:30 na asuba. Idan daga Pietermaritzburg ne, sanyi yana ratsa ƙashi, mutane sukan rufa da tsofaffin riguna waɗanda za su yar a hanya mabuƙata su tsinta. Ana rera taken ƙasa, sai waƙar Shosholoza ta masu haƙar ma'adinai, wadda dubban muryoyi ke ɗauka tare, sai kiɗan fim ɗin Chariots of Fire. Daga nan a saki muryar Max Trimborn, wani mai gudu da a 1948 zumuɗi ya sa ya yi cara irin ta zakara a wurin tashi, abin ya zama al'ada, aka naɗi muryarsa ana sakawa har bayan rasuwarsa. Sai a harba bindiga. A tsarin da aka daɗe a kai, agogo yana fara lissafi daga ƙarar bindiga, don haka na rukunin baya sukan yi asarar mintoci da dama kafin su taka layin farawa.

Masu tsoron lissafin lokaci sukan shiga abin da ake kira bas. Wani gogaggen mai gudu, da ake kira direba, yana ɗaure tuta a baya mai nuna lokacin da ya yi alkawarin kai mutane, awa 9 ko 11 ko 12. Shi ke cewa a yi gudu, shi ke cewa a taka, wani da waƙa, wani da ƙirge, wani da tambari a hannu. Bas ɗin awa 12 yakan kwashi ɗaruruwan mutane, kuma shigowarsa fili ana saura 'yan mintoci na daga cikin abubuwan da 'yan kallo suka fi jira.

Tun shekarun 1980 ake nuna tseren kai tsaye a talabijin daga farko har ƙarshe, kuma wannan ne ya mayar da shi abin ƙasa baki ɗaya. Mutane da yawa suna cewa a gaban talabijin suka fara ƙudurta shiga, da suka ga wani mai irin jikinsu da shekarunsu ya gama. Idan wa'adi ya kusa cika, wani jami'i yana tsayawa a kan layi ya juya wa masu shigowa baya, domin kada tausayi ya sa hannunsa ya yi nauyi. Jama'a suna ƙirga daƙiƙun ƙarshe da ƙarfi. Da ya harba bindiga sai a tare layin. Wanda ya rage masa taku uku ba shi da lambar yabo, ba shi da lokaci a rubuce. Sai a busa begilar Last Post, wadda ake busa wa sojojin da suka mutu. A mitocin ƙarshe an saba ganin waɗanda ba su san juna ba sun riƙe wanda ƙafarsa ta ƙi, ko da hakan zai ci lokacinsu. Amma saboda lafiya, doka ta hana a ɗauki wanda ba ya iya takawa da kansa.

Zakaru

Bayan Newton, mutum uku sun lashe tseren sau biyar-biyar: Hardy Ballington, da Wally Hayward, da Jackie Mekler. Hayward ya fara cinyewa a 1930, ya ci na ƙarshe a 1954, sannan a 1989 yana da shekara 80 ya gama ana saura ƙasa da minti biyu wa'adin awa 11 ya cika. Ya riƙe matsayin mafi tsufa har 2023, lokacin da Johannes Mosehla mai shekara 81 ya gama ƙasa da awa 9 da rabi. Phil Masterton-Smith ya lashe tseren a 1931 yana da shekara 19. A 1933 ya rasa kuɗin jirgin ƙasa, ya tuƙo keke daga Cape Town, tafiyar kusan kilomita 1,700, ya kuma zo na 10. Fordyce ya ci sau 9, daga 1981 zuwa 1988 a jere da kuma 1990, Elena Nurgalieva 'yar Rasha ta ci na mata sau 8, Stephen Muzhingi ɗan Zimbabuwe ya ci sau uku a jere daga 2009. A 1989 Frith van der Merwe ta gama cikin awa 5 da minti 54, ta zo ta 15 a cikin kowa da kowa, maza da mata.

An fara ba da kyautar kuɗi a 1995, kuma kuɗi ya jawo ƙwararru daga ƙetare, ya kuma ƙara kwaɗayin maguɗi. A 1999 wasu 'yan'uwa biyu 'yan gidan Motsoeneng sun riƙa musayar riga da lamba a hanya har suka samu matsayi na 9. Hotunan jarida ne suka tona su, domin agogon yana hannun dama a wani hoto, yana hagu a wani. Yanzu na'urorin da ke karanta lambar kowane mai gudu a wurare da dama sun rage irin wannan.

Ko a sahun gaba, da yawa daga cikin talakawan masu gudu suka fito. Tete Dijana yana aikin gadi a wata jami'a lokacin da ya lashe tseren a 2022, a 2023 kuma ya kafa tarihin gudun gangara da awa 5 da minti 13 da daƙiƙa 58, wato kusan minti 3 da daƙiƙa 35 a kowace kilomita. Gerda Steyn ba ta fara gudu sosai ba sai a 2014, tana aikin ofis a Dubai, inda ta shiga wani kulob na 'yan sha'awa. Ita ta kafa tarihin mata na gangara, awa 5 da minti 44 da daƙiƙa 54 a 2023, da na hawa, awa 5 da minti 49 da daƙiƙa 46 a 2024.

Ƙungiyar Comrades Marathon Association ce ke gudanar da tseren daga ofishinta da ke Pietermaritzburg, inda gidan tarihinsa yake, tare da dubban 'yan sa-kai. Masu gudu suna zuwa daga ƙasashe da dama, Indiya da Burtaniya da Brazil da Zimbabuwe na cikin masu turo mutane da yawa. Karo na 100 na tseren zai kama a 2027.